Arbakam ɗin da Yaya Lawali ya ƙi ɗaura mini

Shekara tara ke nan cif da muka binne yayana Lawali a Tanut, kuma har yau in na ji mota a tsaye injinta na tari, sai in waiga kamar zan gan shi ya karkata kai yana saurare. Bakanike ne. Bai yi lakwal ba, wato boko, sunansa ma da kyar yake rubutawa, amma abin da kunnensa ya sani game da inji ban ƙara haɗuwa da wanda ya san shi ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, arbakam wata sandar ƙarfe ce mai ƙulu-ƙulu a jiki. Tana juyawa, ƙulu-ƙulun suna buɗe ƙofofin da iska da mai ke shiga, hayaƙi ke fita. Ita ke tsara numfashin mota. Akwai ta tsere, wadda in inji ya ɗauki wuta sosai take ba shi ƙarfi na fitar hankali, amma a tafiyar sannu ba ta da kataɓus. Akwai kuma mai haƙuri, wadda ƙarfinta ke zuwa tun mota tana rarrafe.

Yaya Lawali ba ya zaɓa wa mutum arbakam a garaji. Sai ya shiga motarka ya ce ka kai shi hanyar da kake bi kullum, da irin lodin da ka saba ɗauka. Zai zauna shiru, tafin hannunsa a jikin ƙofa, har ku je ku dawo. Daga nan ya shiga ɗakin kayansa ya ɗauko guda ɗaya, kuma ita ce. Direbobi suna gunaguni wai yana ɓata musu yini, amma gobe sai ka gan su a layi.

Ni ne na fi kowa gardama da shi, da yake ƙanensa ne. A lokacin ina jan a-kori-kura tsakanin Tanut da kasuwannin ƙauye, jini na tafasa, kuma babu abin da ke ƙona mini rai kamar a wuce ni a kan kwalta. Sai na samu arbakam ta tsere a hannun wani da ya sauko daga Agadas. Na kai wa Yaya ina washe baki. Ya shafa ta da babban yatsa, ya miƙo mini abata.

"Isuhu, ina Hadiza take?"

Na ce ai ya sani, matata tana goyon ciki wurin iyayenta, a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, tunda haihuwar fari ce.

"To wannan motar ita ce motar asibitinta. Yashi ne tsakaninku, ba kwalta ba. Wannan ƙarfen zai kai ka, amma da lodi ba zai fito da kai daga korin nan, busasshen rafin bayan rijiyar Fulani, ba. Ba da hannuna ba."

Na ji haushi, na ce a raina tsufa ne ya fara kama shi, alhali shekara bakwai kawai ya ba ni. Na tafi Damagaram aka ɗaura mini. A hanyar dawowa motar ta yi gudun da sai da na ji tsoron kaina. Da na shigo gari, yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Bai fito ba. Daga can ya ce, "An ɗaura ke nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Bayan sati uku, da hantsi, wani ya zo a kan raƙumi ya ce naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce a kai ta likita. Na isa ƙauyen lafiya. Muka kwantar da Hadiza a baya, da uwarta da gwaggonta da wasu mata biyu. Muna shiga korin nan, wanda Yaya ya ambata da bakinsa, sai motar ta fara shaƙewa. In na taka a hankali ta mutu, in na taka da ƙarfi tayoyi su haƙa rami. Sai ga ƙaurin kulochi ya cika mini hanci. Rana ta take, Hadiza ta daina ko nishi, uwarta tana kiran sunanta. Na durƙusa ina tone yashi da hannu ina kuka, don na san da hannuna na kawo mu nan.

Ban fi rabin awa a haka ba na ji ƙarar wata tsohuwar mota tana tahowa a hankali, ƙut-ƙut-ƙut. Yaya Lawali ne a cikin akwalar da muke yi masa dariya a kanta. Ya gangaro korin, ya juya, muka mayar da matan cikin motarsa, ya hau gangaren kamar mai tafiya masallaci. Kafin la'asar aka ciro mana ɗiya mace a asibitin Tanut. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri, da ba wannan zancen ake ba.

Yanzu samari sun samu waya. Suna kallon motocin tsere na ƙasashen da ba a san yashi ba, su yi odar ƙarfe daga nesa, ya zo da takarda mai lambobi. Ba na zarginsu, ni ma da zan yi. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai sa a karanta masa lambobin, don shi mai son sani ne, ya jinjina kai, sannan ya buɗe ƙofa ya shiga ya ce a kai shi hanyar.

Shekara da shekaru na ɗauka sa'a ce ta kawo shi korin nan. Bai taɓa tada zancen ba, ko a wasa, kuma mutum ne mai tsokana. Sai a zaman makokinsa matarsa, Yaya Balki, ta gaya mini. Tun ranar da ya ji ƙarar injina, ya cika akwalarsa da mai, ya sa katifa a baya. Sati ukun nan bai bar gari ba. An kira shi aiki Tenhiya ya ƙi, an kira shi Falanko ya ƙi, ko wanka zai shiga sai ya ce mata ta kasa kunne ko an zo nemana.

Garajin ya zama shagon sayar da katin waya, kayan aikinsa sun watse a hannun mutane. Ɗiyar nan kuwa, Mariyama, watan jiya ta haifi ɗanta na biyu. Na yi shekara goma sha biyar ina gaisawa da mutumin nan kowace safiya, ina yabon kunnensa a gaban jama'a, ban taɓa ce masa na gode da abin da ya fi kunnen ba, don ban sani ba, shi kuma bai ga dalilin da zai sa in sani ba. Allah ya jiƙan Yaya Lawali.