Tokar da Muka Riƙa Sharewa

Shekaru sun ja, amma duk lokacin da kaka ta yi na ga ana shanya kuɓewa, sai abin da ya faru a gidanmu na Fagge ya dawo mini sabo. Ba na jin zan taɓa manta shi.

Gidan na mahaifiyata ne, wadda muke kira Inna. Akwai ɗakuna biyu da ta ba wata Bayarabiya haya, haifaffiyar Sabon Gari, mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Iya muke ce mata. Sun daɗe tare lafiya, har kwanon miya suna musaya.

A ƙarshen daminar wata shekara ne Inna ta zame a matakalar ƙofar madafa da sassafe, ta gurɗe ƙafa. Ba mu ɗauki abin da zafi ba, sai da Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo jinya. Washegari ta ja ni gefe, ta nuna mini matakalar. An barbaɗa toka a kai, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wa ke girki da itace a gidan nan?" ta tambaye ni.

Na ce, "Iya ce kawai."

"To, ka gani. Toka a inda uwarka ke taka ƙafa. Ni ban ce komai ba."

Ta ɗauko tsintsiya, ta yi bismilla, ta share tokar tas, ta kai ta bayan gida.

Ni ba mai saurin yarda da zancen sammu ba ne, amma na fara lura. Kullum bayan sallar asuba Iya kan fito da ɗan kwano, ta barbaɗa toka a matakalar, ta wuce kasuwa. Kullum kuma Goggo kan share kafin Inna ta fito. Zargi idan ya shiga zuciya, komai sai ya zama shaida. Gaisuwar Iya ta zama leƙen asiri, farfesun da ta aiko wa Inna kuwa a kwata ya ƙare. Inna ta daina amsa mata da fara'a. Babu wanda ya tambaye ta komai.

Da ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai ta sake faɗuwa a wurin, jim kaɗan bayan Goggo ta share. Wannan karon ƙashin hannu ne ya karye, sai da muka kira mai ɗori.

Goggo ta ce, "Sai an fitar da gawa za ka sallame ta? Ko dai matar nan ta bar gidan, ko ni in ɗauke uwarka mu tafi."

Inna ta juya fuska ga bango, ta ce in yi abin da ya dace. Na yanke shawarar gaya wa Iya ta nemi wani wuri, amma na ce sai na tsare ta da kwanon tokar a hannu.

Da gari ya waye na riga ta isa ƙofar madafa. Ina taka matakalar sai ƙafata ta tafi, na dafe bango da kyar. Na shafa simintin, na ɗago yatsuna, sai ga yauƙi yana bin su kamar zare. Wani ɗigo ya faɗo mini a wuya. Na ɗaga kai. A kan rufin kwanon madafar, yankakkiyar kuɓewar Inna ce shimfiɗe, wadda take shanyawa duk kaka idan ta yi araha. Raɓa da ɗan yayyafin ƙarshen damina suna jiƙa ta, ruwan ya biyo kwanon ya ɗiga daidai kan matakalar.

Sai ga Iya da kwanonta.

"Malam, kai ma ka ɗanɗana?" ta ce. "Tun ranar da Hajiya ta faɗi nake zuba toka a nan don ta shanye santsin. Amma wa ke share mini ita ne? Kullum in na dawo ba na ganin ko ƙwaya."

Goggo na tsaye a bayana, riƙe da tsintsiya. Iya ta dubi tsintsiyar, ta dubi fuskar Goggo, sannan ta dube ni. Murmushinta ya ɗauke.

"Au," ta ce a hankali. "Ashe shi ya sa kwanon farfesuna ya dawo ba ko sannu."

Ta barbaɗa tokar duk da haka, ta tafi kasuwa.

A ranar muka sauke kuɓewar, muka sa aka sassaƙe simintin ya yi kaushi. Inna ta ba Iya haƙuri har da hawaye, ita kuma ta ce ba komai. Amma kafin sabuwar shekara ta kwashe kayanta ta koma unguwar Kwaciri, wai wurin ɗiyarta.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya zame, a fara duba ƙasan da ya taka da rufin da ke kansa kafin a dubi maƙwabci. Mun yi makonni muna sa wa Iya ido, amma tambaya ɗaya da za ta tsare hannun Inna, ta kuma bar mana maƙwabciyarmu, babu wanda ya buɗe baki ya yi ta.