Naushi Uku a Cikin Teku

Asabar ce ta ƙarshen watan Yuli, ƙarfe shida da rabi na safe, muka tashi daga East Greensboro a mota ɗaya. Mu bakwai ne: ni da maiɗakina da 'ya'yanmu mata biyu, sai maƙwabcinmu da matarsa da 'yarsu guda. Wilmington muka nufa, tafiyar awa uku da ɗoriya, don yara su ga tsohon jirgin ruwan yaƙin da aka girke a can, daga nan mu gangara bakin teku.

Maƙwabcin nawa mutumin Gaya ne ta ƙasar Nijar, daga zuriyar Sarkawa, waɗanda kogi ne gonarsu. A nan kuwa kwalaye yake lodi a wani katafaren sito. Shekara tara yana jiran takardun zama, waɗanda yake kira papiye, kuma an sa masa ranar ganawa da jami'an shige da fice a watan Satumba. Lauyansa ya ja masa kunne: kafin wannan rana ko tikitin gudu da mota kada ya yarda ya samu, balle a ce an kama shi. Shi ya sa ni na yi tuƙi, zuwa da dawowa aka shirya.

Ni Bakatsine ne, shi kuma yana lissafa kansa cikin Kabawa, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawana" yake cewa, ni ma haka nake ce masa. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin na zo ƙasar nan na koma tafinta a asibiti da kotu, amma a wurinsa duk wannan bai wuce surutu ba.

"Mutumin da ke cin abinci da baki kawai," in ji shi, tun ba mu fita gari ba. "Hajiya, mi kika gani a jikin wanga?"

"Tsautsayi, Malam," in ji maiɗakina.

Jirgin ya fi yadda na zata girma. Bindigoginsa uku-uku suke, kowane baki yaro zai iya cusa kansa ciki. A can ƙasa mun ga harsasan da suke ci, tsaye a jere, sun fi 'yata ƙarama tsawo. Mun ga ɗakin tiyata da gadon ƙarfe da ake ɗaure mutum a kai don kada tangaɗin ruwa ya jefar da shi ana tsakiyar yanka. Yara suka samu wata bindigar harbo jirgin sama da ake juyawa da hannu, suka saita ta kan iyayensu, suna ta harbi da baki. Duk tambayar da na yi musu da Hausa, da Turanci suka amsa. Maƙwabcina bai damu da bindigogi ba. Ya jingina da ƙarfen gefe yana kallon kogin da jirgin yake ciki, yana nuna mini inda ruwa ke juyawa da inda yake da zurfi, kamar mai karanta allo.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa bakin teku. Inda aka fi cika, nan ne masu tsaron ruwa suke zaune a kan dogayen kujerunsu, amma matanmu ba za su jiƙa kaya a gaban wannan taro ba. Muka yi ta tafiya cikin rairayi, ɗauke da kula da tabarma, har kujerun suka koma kamar tsinke a bayanmu. Mutane kaɗan ne a wurin da muka sauka. Mafi kusa da mu wata Baturiya ce a ƙarƙashin shuɗiyar lema, da mijinta, wani ƙato mai jan wuya.

Muka ci dafa-duka. Saura tsokar nama ɗaya, ni da maƙwabcina muka kai hannu tare, na riga shi. Ya miƙe ya cafki wuyan rigata, ya jijjiga ni, yana nuna teku da ɗaya hannun.

"Wallahi yau sai na kai ka tsakiyar ruwanga na baro ka! Ɓarawon nama!"

Na ɗaga silifa kamar zan kwaɗa masa, na watsa masa rairayi a ƙafa. Muryoyinmu ba ƙanana ba ne. Matanmu ko kallonmu ba su yi ba. Baturiyar ce ta sauke littafinta ta kalle mu, ta taɓa mijinta. Na gani, ban ɗauke shi komai ba.

Sai ya tuna an bar ruwan alwala a mota. Da zai tafi ya ce, "Kada kowa ya shiga sai na dawo na duba ruwan." Na ɗauka cika-bakin Basarke ne.

Igiyar ruwa tana ta fashewa da farin kumfa dama da hagu, amma a gabanmu akwai wani fili kamar faɗin titi inda ruwan ya kwanta luf, ya ɗan yi duhu. Na ce wannan ya dace da mata da yara. Na ce bari in fara gwadawa. Ban iya iyo ba, amma ban yi niyyar wuce ƙugu ba.

Na shiga har gwiwa, har cinya. A ƙugu na ji rairayi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ana janye tabarma. Na juya zan koma. Na ɗaga ƙafa ɗaya, ban sake taka ƙasa ba. Daga baya aka bayyana mini cewa irin wannan kwantaccen wuri shi ne hanyar da ruwan da ya bugi gaɓa yake bi ya koma teku, da ƙarfin da ba a ja da shi. A lokacin dai abin da na sani shi ne lemar nan shuɗiya tana ƙanƙancewa, kuma duk sa'ad da na buɗe baki in yi kira, gishiri ke shiga.

Ban ga shigowar maƙwabcina ba. Hannu kawai na ji a bayan wuyana, da muryarsa yana cewa, "Kwanta! Kwanta rigingine, kada ka taɓa ni!"

Abin da na yi zan faɗe shi yadda ya faru, domin ba wanda ya gani daga gaɓa. Na juya na rungume shi. Na sa hannu biyu a kansa na danna shi ƙasa, na hau kafaɗunsa kamar mai hawa katanga. Ya ɓulle, na sake danna shi. Na zagaye ƙugunsa da ƙafafuna na matse. Da ya yi ƙoƙarin ɓamɓare ni, na kafa masa haƙori a kafaɗa, na ji nama yana rabuwa. Farcena ya tsaga masa kunne. Na san wane ne, na san sunan 'yarsa, amma a wannan lokaci shi ba kowa ba ne, tudu ne da nake hawa. Muka nutse tare. Na ga hasken rana yana nisa a samanmu, kore-kore.

A ƙarƙashin ruwa ya soka mini gwiwa a ciki, na sake shi. Muka taso. Ya kama gashin kaina da hannun hagu ya ɗaga fuskata sama, ya auna. Naushin farko ya fasa mini hanci. Na biyu ya sauka a kan ido. Ban daina kai masa hannu ba. Na uku ya samu muƙamuƙina na hagu, na ji ƙara a cikin kaina kamar an karya rake. Daga nan ban san komai ba.

Wannan naushi uku shi ne abin da aka gani daga gaɓa, kuma shi ne abin da Baturiyar ta ɗauka a waya. Haka Sarkawa suke yi tun fil azal: wanda ruwa ya kama, in ya kama ka, ka sumar da shi, in ba haka ba gawa biyu za a fitar. Amma a bakin wannan teku ba mai wannan sani sai shi da matarsa.

Na farfaɗo kwance a kan rairayi ina aman ruwa da jini. Abu na farko da idona mai kyau ya gani shi ne maiɗakina tana dukansa da murfin kula. Yana durƙushe, bai kare kansa ba.

"Ka kashe mini miji! Azzalumi! Me ya yi maka?"

"Hajiya, ki saurara," matarsa na cewa, tana jan hijabinta. "Hajiya, don Allah!"

Sai ƙaton nan mai jan wuya ya zo a guje ya bangaje shi, ya kifa shi, ya murɗe masa hannu ta baya, ya ɗora masa gwiwa a gadon baya. Fuskarsa ta nutse cikin rairayi. Mutumin da ya jawo ni daga teku da sauran numfashin da na bar masa, yanzu yana shure-shure yana neman iska. Yara uku suna ihu da Turanci. Na yunƙura in ce a sake shi. Bakina ya buɗe a karkace, wani gurnani ya fito, zafi ya tsaga ni har ƙeya.

'Yan sanda biyu suka iso a motar da ke bin rairayi, mai tsaron ruwa ɗaya a bayansu, sannan ma'aikatan ambulan. Aka sa wa maƙwabcina ankwa, aka zaunar da shi. Baturiyar ta ba da bayani a natse, kuma ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta ce mutanen nan biyu sun yi faɗa a kan abinci, wannan ya shaƙe wancan yana nuna masa teku, bayan minti ashirin ta gan shi yana naushinsa a cikin ruwa. Ta nuna bidiyo.

Babban ɗan sandan ya tsuguna gabansa ya tambaye shi ko ya buge ni. Turancinsa bai wuce na sito ba. Ya ce e. Sau nawa? Ya ce uku. Da gangan? Ya ce e, da gangan. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce da Hausa, "Malam, gaya musu. Papiye ɗina, Malam."

Shekara goma sha ɗaya da saninmu, ranar ya fara ce mini Malam.

Aikina ke nan, juya maganar mutum a gaban hukuma, kuma ba na iya furta harafi. Ma'aikaciyar ambulan tana ƙoƙarin ɗora ni a gadon ɗaukar marasa lafiya. Na ƙi. Na fizge allon rubutun da ke hannunta, na juya takardar. Jini yana ɗiga daga hancina a kan takardar, na rubuta da Turanci yadda aka koya mana rubuta labari, mafi muhimmanci a farko:

Ya cece ni. Ruwa ne ya ja ni, ni kaɗai na shiga, ba ya nan. Ni na fara kai masa hari, na nutsar da shi sau biyu. Ku ɗaga rigarsa ku duba kafaɗar dama. Faɗan da aka gani wasa ne na al'adarmu. Ba ni da ƙara.

Ɗan sandan ya karanta sau biyu. Ya je ya ja wuyan rigar. Shatin haƙorana yana nan, sama da ƙasa, nama ya zazzago, har giɓin da nake da shi ya fito. Mai tsaron ruwan ya leƙa, ya juya ya dubi inda na shiga, ya ce irin wannan wuri tun safe suke hana mutane shiga, amma ta can inda kujerunsu suke. Ya ce su ba a koya musu naushi ba, abin shawagi suke miƙa wa mutum daga nesa, kuma dalilin da ya sa suke tsayawa nesa shi ne wannan cizon.

Maiɗakina ta karɓi takardar ta karanta. Ta ajiye murfin kular, ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da hijabi.

Minti arba'in ankwar ta yi a hannunsa. 'Yan sandan suka rubuta sunayenmu, suka kwance shi, ba su tafi da shi ba. Ƙaton ya zo ya miƙa masa hannu, ya karɓa bai dube shi ba. A ambulan ɗaya aka kai mu asibiti. An yi masa ɗinki takwas a kafaɗa, uku a kunne, da allurar da ake yi wa wanda mutum ya ciza. Ni aka ɗaure mini muƙamuƙi da waya. Matarsa ce ta tuƙo mu gida washegari.

Lauyan ya ce tsarewar minti arba'in ma sai an bayyana ta. Na rubuta cikakken bayani shafi biyu, na sa hannu a gaban mai hatimi, aka haɗa da hoton kafaɗar. Sati shida na yi ina shan kunu da tsinken roba, kullum daga gidansu ake kawowa. Ranar ganawar ni na kai shi, na jira a mota.

Katin izinin zamansa ya iso ta gidan waya a watan Nuwamba. Muƙamuƙina yana ƙara har yau idan na yi hamma. Daga ranar nan ta bakin teku bai sake kirana bawansa ba, ko da na tsokane shi.