Abin da Na Goyo daga Tibati

Kawu, ƙanin mahaifiyata, dillalin shanu ne a Garwa, kuma shi ya fara fita da ni fatauci bayan na bar makaranta. Tafiyarmu ta farko Banyo ce, sayen bijimai, a tsakiyar damina. Ana gobe za mu tashi ya leƙo ɗakina, ya tarar na ɗaure tabarmata ta soso a saman jakar goyo, ta waje.

"Ɗan nan, soso ne fa," ya ce. "Ruwan farko zai sha ya ƙoshi, ka kwana cikin lema har mu dawo. Kwance ta."

Ya durƙusa ya nuna mini. A naɗe ta, a zura cikin babbar leda mai kauri, a matse iskar, a murɗe bakin ledar a lanƙwasa, a ɗaure da robar tsohuwar tayar keke. Sannan a tsayar da ita cikin jaka ta gefen da ke manne da bayan mutum, sauran kaya su tokare ta. Ya sa na kwance na sake yi har ya gamsu. Kawu mutum ne mai son magana, duk abin da ya iya sai ya yi masa kirari.

Mota ta kai mu Ngaundere, wata ta sauke mu Tibati. Muka kwana a rumfar wani mai bandar kifi, ƙasa ce zalla, ga tulin itace jingine a bango, ko'ina ƙaurin hayaƙi. Da asuba na naɗe tabarmar na ajiye ta gefen itacen, muka tafi masallaci, daga can muka zauna wurin mai shayi. Muna cikin sha hadari ya haɗu. Motoci ba sa bin hanyar Banyo a ranar saboda taɓo, don haka Kawu ya shirya da masu moto biyu, wato masu babur, su kuwa sai danna oda suke. Na ruga rumfar, na suri naɗin tabarmar yadda na bar shi, na zura a leda, na ɗaure tam, na goya.

Ruwa ya bi mu kusan wuni. Jan taɓo ya kai gwiwa a wasu wuraren, mu sauka mu tura, mu sake hawa. A wani rafi mai moton da ya ɗauko ni ya zame, muka faɗa ciki tare, jakar ta nutse har wuya kafin na miƙe. Da muka fake a wata bukka a bakin hanya, na yi matashi da jakar na ɗan runtsa. Wata Bafulatana da ta shigo fakewa ta zaunar da jaririyarta ta jingina ta da jakar, tana gyara goyo, ni kuma ina yi wa yarinyar wasa. A kan hanya na ji kamar wani abu ya motsa a tsakiyar bayana. Na ɗauka jijjigar moto ce.

Bayan la'asar muka shiga Banyo, muka sauka gidan wani tsohon abokin Kawu, mahauci. Ya tarbe mu a zaure, ya dube mu ya yi ta dariya, don babu wurin da bai jiƙe ba a jikinmu. Na zazzage jakar. Riguna, hula, har burodin da na saya a Tibati, duk sun zama tsumma.

"To, buɗe ledar ka nuna masa," in ji Kawu, yana taɓa kafaɗar abokinsa. "Alhaji, tsaya ka ga aikin Garwa. In ka sami ɗigon ruwa ɗaya, na ba ka hulata."

Na durƙusa a tsakiyar zauren, na kwance robar, na kama gindin ledar na girgiza. Naɗin ya faɗo, ya warware da kansa, a bushe ƙarau. Daga ramin tsakiyarsa wani abu ya sulalo ya faɗi tsakanin gwiwoyina.

Da farko na zaci robar ce. Sai na ga robar tana hannuna. Abin ya naɗe jikinsa, launin ƙasa, da ɗige-ɗige a baya, ya fara goga jikinsa da jikinsa yana wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Kububuwa ce. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mutum ko biyu da ta kashe.

"Kada ka motsa," Kawu ya ce. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. "Ko numfashi, a hankali."

Ko ya ce in motsa ba zan iya ba. Ina kallon ƙaramin kan nan yana bin gwiwata ta hagu, ta dama. Maigidan ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki sandar Kawu da ke jingine da ƙofa. Ya sa bakin sandar ya cillar da ita gefe, ta bugi bango, ya bi ta da duka har ta daina motsi. Ya ce zafin leda da rashin iska ne suka galabaitar da ita, in ba haka ba da ba ta tsaya gargaɗi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce yana haki. "Daga ina ka ɗauko wannan?"

Kawu ne ya amsa: "Tulin itacen nan na Tibati. Ta ji sanyi ta shige ramin naɗin."

Sai a lokacin lissafin ya zo mini. Tun safe tana manne da ƙashin bayana, soso da leda da ƙyallen jaka kawai ke tsakaninmu. Na ɗora kaina a kanta na yi barci. Da na tuna jaririyar nan da aka jingina, sai na fita waje da rarrafe na yi amai a bakin kwata. Maigidan ya lulluɓe ni da bargo.

Uwargidan ta aiko da tuwon masara da miyar nama, tana ta jajantawa daga bayan labule. Na kasa kai loma. Kawu ma bai ci ba. Ya zauna ya zuba wa bango ido, hannunsa riƙe da carbi amma ba ya ja. Can ya juyo.

"Da ta sare ka, da wane baki zan shiga gidan yayata?"

"Allah ya tsare, Kawu."

"Ya tsare. Ba sai ka faɗa mata ta waya ba. In mun koma ni zan faɗa mata da kaina."

Washegari muka shiga kasuwar shanu. Labari ya riga mu isa, domin maigidan ya kai shi mahauta tun da sassafe. Dillalai da makiyaya suka riƙa zuwa suna kallona, wasu su yi mini barka da Hausa, wasu da Fulatanci, wani tsoho ya sa na juya ya shafa bayana yana salati. Kawu ya sayi bijimansa ba tare da surutun da ya saba ba. Da muka koma Garwa ya cika maganarsa, ya zauna gaban mahaifiyata ya faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana kuka. Ba ta bar ni na sake fita ba sai da rani ya shigo.