Kifayen da Ƙanwata Ta Bar Min

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa. Da ta samu aiki a ƙasar waje sai ta raba kayan ɗakinta ga dangi, wata ta samu firji, wata kujeru. Ni kuwa, da yake gidana a Gyadi-Gyadi ya fi kusa da inda take haya a Tarauni, sai ga adaidaita sahu ya sauke min ƙaton akwatin gilashi, da bokiti cike da kifaye 'yan mitsi-mitsi, jajaye da masu ruwan zinare.

"Yaya, wallahi ba su da wahala," in ji ta. "Abinci kaɗan da safe, ki riƙa rage ruwan kina ƙara sabo. Sabulu ne dai kar ki kuskura."

Ta hau jirgi ta bar ni da su.

Ba a jima ba gansakuka ta fara cin gilashin, ya yi kore shar. In na kankare da soso yau, jibi ta dawo. Kashin kifayen kuma a cikin tsakuwar ƙasan akwatin yake taruwa, sai an cusa tiyo an zuƙa da baki kafin ruwan ya biyo zuwa bokiti. Ranar farko na zuƙa da ƙarfi, ruwan ya wuce min har maƙogwaro. Ƙarninsa ya wuni a bakina. Maigidana yana daga kan kujera yana dariya har da hawaye, bai ko miƙo min tsumma ba.

Ga famfonmu ya daɗe da bushewa, sai na tsaya bakin ƙofa ina jiran ɗan garuwa, ina shinshina jarkokinsa ɗaya bayan ɗaya don kar a samu wadda ta taɓa ɗaukar kananzir. Ya riƙa kallona kamar mai taɓin hankali. In kuma aka ɗauke wuta da zafin nan na bazara, ɗan injin da ke busa musu iska ya tsaya, sai duk su taso sama suna buɗe baki. Haka zan bar girki a wuta, in tsaya da moɗa ina ɗiban ruwan ina kwararawa daga sama har hannuna ya yi tsami.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Tun da ta ga kifayen ta ja tabarmarta kusa da su. Wata Asabar na shirya tsaf zan tafi sunan ƙawata a Darmanawa, na fito falo na tarar ruwan ya yi fari kamar an dama koko, ga tsami yana tashi. Na leƙa, sai ga loma-lomar tuwo a kwance a kan tsakuwa.

"Inna, ke kika ba su tuwo?"

"Ni ce mana. Bayin Allah an kulle su a kwalba, ɗan garin da kike barbaɗa musu ko kiyashi ba zai ƙoshi ba. Ki ji tsoron hakki, 'yar nan."

Na juya na bar falon. Na samu maigida a ɗaki na gaya masa, ya ce, "Ni ba zan iya hana Inna sadaka ba. Ki san dabarar da za ki yi."

Na cire mayafi da sarƙa, na ɗaura tsohon zani. Na kwashe kifayen da rariya zuwa roba, na juye tsakuwar a baho na yi ta ɗauraya, na wanke soson da ke tace ruwa a jikin injin, na goge gilashin ciki da waje. Kafin in gama an kira la'asar, bayana kamar zai ɓalle, sunan kuwa an watse. Duk da haka biyu suka juya ciki sama.

Da yamma ƙanwata ta kira ta bidiyo, ta ce in haska mata su.

"Yaya, ina mai doguwar wutsiyar nan?"

"Ya mutu."

"Haba Yaya! Ai na gaya miki..."

"Ke, saurara. Ko ki aiko a ɗauki kayanki, ko ki yi min shiru."

Ta yi shirun, amma ba ta aiko kowa ba.

Washegari na auna abincin kifin a murfin kwalba na kai wa Inna, na ce daga yau ita ce mai ciyar da su, iya wannan kullum. Ta juya murfin a tafin hannunta, ta ce, "Wannan ai rowa ce." Ta dai karɓa. Har ta koma ƙauye ban sake ganin tuwo ba, sai dai ɓurɓushin gurasa jefi-jefi, wanda nake tsamewa in ta shiga alwala.

Na yi wa maƙwabta tayin akwatin kyauta. Kowa ya zo ya yaba, in ya ji aikin da ke ciki sai ya ce zai yi shawara da mai ɗakinsa. Yana nan a kusurwar falo, Asabar ɗina duk tasa ce. Har yanzu ban iya zuƙar tiyon nan ba tare da na ɗanɗana ba.