Tiyon Ruwan da Ya Maye Shafi Uku

"Ina shafi ukun nan suka shiga?" Haka na tare daraktan a bakin gona, littafi a hannu, raina a ɓace.

Wajen shekarun 1980 ne, ina koyar da Hausa a Kura. 'Yan talabijin suka zo gonakin rani za su mai da wani littafi wasan kwaikwayo, littafin da nake karantarwa a aji. A ciki akwai manomin da maƙwabcinsa ya cuta, marubucin ya cika shafi uku da saƙe-saƙen zucinsa kafin ya yafe. Daraktan nan ya soke su kaf.

Bai ji haushina ba. Ya ce, "Malam, kyamara ba ta shiga zuciya. A nan garin, in mutum ya huce, me hannunsa yake yi?"

Dattijon da ake aiki a gonarsa ya ce, "Ranar da layin ban ruwa ya zo kansa, sai ya juya tiyo gonar wanda ya cuce shi."

Abin da suka ɗauka ke nan. Tumatirin maƙwabci ya yi yaushi, manomi ya tsaya yana kallo, ya sunkuya ya juya tiyo. Ko uffan.

Ranar da aka nuna wasan, zauren mai talabijin ya cika maƙil. Ruwan na shiga, manoman da ba su taɓa buɗe littafin ba suka ɗauka baki ɗaya: "Allahu Akbar, ya yafe masa!"

Ɗazu na ci karo da littafin a akwati. Mako biyu nake kwashewa ina bayanin shafukan nan, daraktan ya gama a minti ɗaya.

Ku a garinku, me hannu yake yi in zuciya ta huce?