Yadda Baraka Mai Albasa Ta Sayar da Fim Minti-Minti

Nawa kake tsammani ake kashewa kafin ɗan wasa ya buɗe baki ya yi sallama a cikin fim? Kada ka yi saurin amsawa. Akwai hayar kamera, akwai fitilu, akwai mai riƙe sandar ɗaukar murya, akwai kuɗin gbaka, wato ƙaramar bas ɗin haya, na mutum goma sha biyu, akwai garba, wato abincin rogo da soyayyen kifi, da ruwan sanyi idan rana ta take. Duk wannan kuwa kafin a ce masa ya sake, muryarsa ba ta fito ba. Baraka mai albasa ta Adjamé a Abidjan ta taɓa zama ta buga wannan lissafi, ta samu jikka ashirin kowane minti. Jikka dai sefa dubu ce, ga wanda bai saba da bakin 'yan Nijar ba.

A unguwar Bromakoté aka haifi Baraka, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo guda. Mahaifinta ya zo Abidjan daga wajen Madawa yana saurayi, ya fara da dakon buhu, ya rasu yana da rumfa a bayan kasuwar Marché Gouro. Ita ta gaji rumfar. Mace ce gajera mai saurin tafiya, idan ta ɗaga buhu da hannu ɗaya ta girgiza, za ta gaya maka ko an yi masa ciko da ƙanana a ƙasa. Amma rumfar ba ta da wani jari na a zo a gani. Jarinta sunanta ne. Alhaji Mijinyawa, babban dilan da kamiyoyinsa, wato manyan motocin kaya, ke sauka daga Galmi, shi ke ba ta buhu ashirin duk sati ba tare da ta ajiye ko dala ba, sai ta sayar ta kai masa. Duk ranar da Alhaji ya ɗauke kai, rumfar Baraka za ta koma teburi da laima.

Harkar fim kuwa ta hannun Rabilu ta shigo mata. Ɗan ƙanen mahaifinta ne, magidanci mai 'ya'ya biyu a Treichville, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Hausarsa sai ta jingina da Faransanci take iya tsayuwa. Ya daɗe da labari a kai: wani baƙauye ya taso daga gida neman wansa, wanda ya cika dangi da labarin cewa shi babban patron ne, wato mai gida, a Abidjan, ya zo ya tarar da shi yana soya kifin garba a bakin titi. Duk wanda Rabilu ya ba labarin sai ya yi dariya. Kuɗi ne kawai suka ƙi yin dariya.

Ba zama ya yi ba. Ya rubuta takardar neman tallafi mai shafi arba'in ya kai wata gidauniya, aka ce ya saurara. Ya je wani gidan talabijin, suka ce ya kawo fim a gama, sannan a yi ciniki. Wani mai shagon waya ya ce zai ba da jikka hamsin idan allon shagonsa zai fito sau uku. Ya yi roƙo a intanet, ya samu addu'o'i fiye da ɗari huɗu da jikka goma sha ɗaya.

Ranar da ya zo rumfa yana mata wannan kuka, Baraka tana tsince albasa. Ta tambaye shi nawa ne gaba ɗaya, ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ta tambayi tsawon fim, ya ce minti casa'in. Ta buga lissafi, leɓenta yana motsi.

"Kai, Rabilu, ka taɓa ganin ƙaramin ɗan kasuwa ya cika kamiyo shi kaɗai?"

"Yaya, cinéma ba camion ba ne."

"Yau ya zama."

Ga yadda 'yan albasa ke yi. Idan za a ɗauko kaya daga gida, wannan ya sayi buhu biyar, wancan goma, kowa a shafa wa buhunsa alama da fenti, a haɗa a cika mota. Baraka ta ɗauki minti casa'in ta mai da su buhuna casa'in, ta sa wa kowane lamba, ta shiga kasuwa tana talla. Ba ta ce da kowa ya taimaki al'ada ba, ba ta ce a tallafa wa matasa ba. Cewa take yi ga kaya, jikka ashirin, idan mota ta iso a raba riba. Ita da kanta ta ɗauki minti biyar da kwasar adashenta, don kada a ce tana tallar abin da ba ta ɗanɗana ba.

Abin da ya ba Rabilu mamaki, mintocin tsakiya aka fara wawashewa. Ɗan albasa ya san buhun sama rana ke dafa shi, na ƙasa nauyi ke matse shi, na tsakiya ne ke isowa lafiya. Alhaji Mijinyawa bai ko tambayi labarin fim ɗin ba, ya ce a shafa masa fenti daga arba'in da ɗaya zuwa hamsin, ya ƙirgo jikka ɗari biyu. Nomau mai garba, wanda ya yi shekaru yana karen mota a hanyar Nijar kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya makara, sai minti uku na can wutsiya ya samu, yana ta mita. Kafin azumi ya kama, mota ta cika.

Aka ɗauki fim bayan salla. Baraka ce mai riƙe jaka. Ta hana sayen ruwan gora, ta ce na leda ma ruwa ne. Ta rage kuɗin hayar fitilu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ta hanyar zama a shagon mai su har ya gaji da ganinta. Masu minti kuma suka riƙa leƙowa wurin aiki, kamar yadda suke leƙa tasha, kowa yana tambaya ko an iso kan nasa.

Matsala a ɗakin montaj ta ɓullo, wato inda ake yanka hotuna a jera su. Rabilu ya kira ta Treichville, fuskarsa fes, ya ce fim ya yi kyau, ya zauna daidai a minti saba'in da biyu. Ya zubar da sha takwas. Takwas daga nan da can, goma kuwa a dunƙule daga tsakiya, inda baƙauyen ke cikin gbaka a mahaɗar Indénié, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya, oda ta cinye duk maganar da ake yi.

Baraka ta nemi kujera. Daga arba'in da ɗaya zuwa hamsin ke nan, na Alhaji.

Kafin ta iso Adjamé labari ya riga ta, kuma ya haihu a hanya. Waɗanda aka yanke nasu suka ce a biya su. Su Nomau masu lamba saba'in da uku zuwa casa'in su ma suka taso, suka ce fim ya ƙare kafin a zo kansu. Rabilu ya yi ta bayani cewa hotunansu suna nan, matsowa gaba kawai suka yi, Nomau ya ce shi bai taɓa ganin buhun da ya sauya lamba a hanya ba sai in an yi sata. Minti sha takwas suka ɓata, ana kukan talatin da shida. Jikka ɗari bakwai da ashirin, ga mace mai teburi da laima.

A satin nan kamiyon Alhaji ya sauka. Baraka ta je da mai kura kamar kullum, mai tsaron magaza, ɗakin ajiyar kayan Alhaji, ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji ya ce a dakata tukuna. Ta koma rumfa da kura wayam. Maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Gouro ta dubi kurar ta ce mata yako, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Ta roƙi Rabilu ya mayar da mintocin. Ya ce in ya mayar, rabin 'yan kallo za su fita kafin baƙauye ya ga wansa, kuma ba gidan talabijin da zai saya. Ta dube shi ta ga ba taurin kai ba ne, gaskiyarsa yake faɗa. Sai ta wuce wurin Malam Shamsuddin, mai makarantar allo a Bromakoté, wanda 'yan kasuwa ke kai wa rigimar da ta fi ƙarfin shayi. Abu ɗaya ta roƙa: kafin kowa ya yi magana, a zauna a kalli fim ɗin cikakke, casa'in ɗinsa, ba a cire komai ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Malam, aka ɗora talabijin a kan benci. Aka fara lafiya. Mutane suna dariya, mai minti bakwai ya miƙe ya sanar da cewa nasa ne wannan, aka ce ya zauna. Da aka kai arba'in da ɗaya Alhaji Mijinyawa ya gyara zaman hula. Baƙauye ya shiga gbaka. Gbaka ta tsaya. Aka busa oda. Wata mai sayar da ruwa ta wuce ta taga, ta dawo, ta sake wucewa. Baƙauye yana ta motsa baki, ba mai jin abin da yake cewa. Wayoyi suka fara fitowa daga aljihu. Nomau ya tashi ya kama ruwa, ya sake alwala, ya tsaya ya gaisa da wani a ƙofa, ya dawo ya tarar har yanzu ana Indénié.

Baraka ta sa aka tsayar. Ta durƙusa a gaban dattijon ta yi magana a hankali.

"Baba Alhaji, kai ka san hanya. Da wannan kaya a kanta, motar nan za ta iso?"

Alhaji ya daɗe yana kallon gbakar da ta daskare a talabijin.

"Wato cunkoson da nake shiga kyauta safe da yamma, shi na saya jikka ɗari biyu?"

Aka tuntsire da dariya, har da Malam, amma Alhaji bai yi ba. Ya ce dariya ba ta biyan kuɗi, kuma dokar kasuwa a fili take: buhun da ya ruɓe asarar mai shi ne, buhun da aka ɓatar kuwa wanda aka damƙa wa ne zai biya. Nasa bai ruɓe a hannunsa ba. A hannun 'yar nan ya ɓata.

Malam Shamsuddin ya ce shi bai san fim ba, bai kuma san albasa ba sai a miya. Ya juya ga Nomau ya tambaye shi ko a shekarunsa na hanya akwai hali na uku, wanda kaya bai ruɓe ba, ba a kuma sace shi ba, amma bai iso ba. Nomau ya sosa ƙeya, don ya gane amsar za ta taɓa kukansa shi ma. Ya ce akwai. Idan damina ta yi ƙarfi mota ta kafe a laka, direba yakan sauke wasu buhuna a bakin hanya don sauran su tsira. A nan ba a duba fenti. Duk masu kaya ne ke raba asarar, tunda da buhun wani aka ceci na kowa.

Malam ya ce to, ga hukuncinku daga bakinku. Kaya casa'in, abin da ya iso saba'in da biyu, kowa yana da rabo a cikin kowane minti, lamba ta mutu daga yau.

Kowa ya dubi Alhaji. Ya tambayi Nomau, buhun da aka sauke a bakin hanya, na wa ne idan mai shi ya koma ya same shi? Nomau ya ce na mai shi ne.

"To a ba ni kayana. Goma cif, har da odar." Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya dubi Baraka. "Ke kuma ɗiyata, gobe ki turo mai kura. Albasa ba ta jiran sinima."

Rabilu ya tura masa mintocinsa a waya a nan take. Har yau idan baƙo ya zauna a magazar Alhaji ya fara tsawaita ciniki, sai ya kunna masa su, ya ce fim ɗinsa ne. Ba a cika kaiwa minti na huɗu ba, sai a shirya farashi.

An nuna fim ɗin sau huɗu a wani zaure da aka yi haya a Treichville, tikiti jikka guda. Bayan an cire kuɗin zaure, saura jikka ɗari tara. Wani ƙaramin gidan talabijin ya saya ɗari tara. Tallace-tallace da intanet suka kawo ɗari biyu da saba'in, a guntu-guntu. Kowane rabo ya koma wa mai shi da jikka ashirin da uku. Ribar jikka uku, bayan wata da watanni. Nomau ya ce da kifi ya saya da kuɗin, da ya fi haka, sannan ya tambaya yaushe za a loda na biyu, don wannan karon ba zai makara ba. Baraka tana nan a rumfarta bayan Marché Gouro, buhu ashirin duk sati, kuma yanzu masu kamera biyu daga Koumassi sun fara zuwa suna sayen albasar da ba su da bukata don su samu zama a bencinta.

Idan kana da labari a kai aljihu kuma babu nauyi, bar jiran mai miliyan. Zauna ka fitar da kuɗin aikin har da ruwan leda, ka raba shi gida-gida yadda mai teburi zai iya ɗauka, ka fara sa naka, sannan ka shiga kasuwarku ko cikin 'yan adashenku. Ka gaya musu tun ranar farko, a gaban shaidu, cewa za a sauke kaya a hanya, kuma kowa zai ɗauki rabonsa na asarar. Gwada da gajeren fim na minti goma, mutum goma, wannan watan.