Ni Na Tuƙa Matata Zuwa Bakin Gada

A shekarun da nake magana, ni direban tasi ne a New York, muna zaune a Bronx ni da maiɗakina da 'ya'yanmu mata biyu. Ina da katin zama, ina da mota tawa ta kaina, ina kuma da wani ciwo da ban san ina da shi ba, wato ganin na fi kowa sanin hanya. A majalisarmu ta bakin masallaci a Harlem ba a gama zance sai na sa baki, ko na siyasa ne ko na farashin albasa. A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife ni, inda iyaka ba ta wuce igiya da ganga biyu ba. Ranar kasuwar Jibiya mukan hau babur mu tsallaka, mu gaida na bakin shinge, ya tambaye mu mutanen gida, mu wuce. Da wannan ilimin na zo Amurka, kuma shekarun da na yi ba su goge mini shi ba.

Matata kuwa da bizar ziyara ta shigo, wa'adi ya ƙare ta zauna. Kitso take yi a wani shago a Harlem, ba ta taɓa ko da cacar baki da ɗan sanda ba. Lauyanmu ya ce mu yi haƙuri in zama ɗan ƙasa tukuna, daga nan gyara takardunta mai sauƙi ne, amma kafin lokacin ta zauna wuri ɗaya. Abin da ya rage mini bai kai shekara ba. Na ji maganarsa da kunne, a raina kuwa na ce lauyoyi dama da tsorata mutane suke cin abinci.

Da sanyi ya shigo, babbar 'yarmu ta dawo daga makaranta da labarin wani wurin wasa a Kanada. 'Yan ajinsu sun je, an ƙawata ko'ina da fitilu, ga lilo mai juyawa sama, ga ƙaramin jirgin ƙasa yana ratsa dusar ƙanƙara. Yarinya ce mai roƙo da daɗin baki, ta bi ni kicin, ta bi ni bakin ƙofa, tana nuna mini hotuna a waya. Na yi mata alkawarin ƙarshen mako. Uwarta ta ce mu je mu uku, ita za ta jira mu a gida. Nan na hau ta da dariya, na ce Kanada da Amurka ai Maraɗi da Katsina ne, tana da katin shaida na birni mai hotonta, ga miji mai katin zama, ga yara masu fasfo, wa zai tsaya binciken mace a mota cikin wannan sanyi. Ta ce gabanta yana faɗuwa, in kira lauya ko da minti ɗaya ne. Na ce ba zan nemi izinin wani ƙato kafin in kai iyalina yawo ba. Har sabuwar rigar sanyi na sayo mata don in rufe bakinta, ta karɓa.

Da safiyar Asabar muka ɗauki hanya da fulas na shayi da soyayyen nama. Yara suna waƙa da Turanci a baya, ita tana jan carbi, ni ina ta yi mata tsiya cewa ta mayar da tafiyar shaƙatawa ta koma ta asibiti. Da muka hau gadar da ta raba ƙasashen biyu muka isa shingen Kanada, na sauke gilashi na yi gaisuwa da fara'a, kamar yadda na saba tun ina yaro. Jami'in Kanada ya amsa da ladabi, ya duba takarduna da na yara, ya tambayi bizarta. Babu. Ya ce ba zai iya barinta ta shiga ba, sai mu juya. Har a lokacin ban tsorata ba, haushin asarar mai kawai nake ji. Ban yi tunanin cewa wanda ya juyo daga ƙarshen gada sai ya bi ta shingen Amurka ba, kuma can ma tambaya za a yi.

Jami'an Amurka suka ce mu faka mu shiga ciki. Aka kira ta ita kaɗai ta wata ƙofa, ta miƙa mini jakarta da carbin, ta ce in ba ƙaramar shayi kafin ya huce. Ba ta ce mini komai game da gargaɗin da ta yi ba, kuma har yau ba ta ce ba, wanda da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da la'asar aka ce mu za mu iya tafiya, ita za ta zauna. Na tuƙo yarana zuwa Bronx da kujerar gaba babu kowa. Lauya ya yi abin da zai iya, 'yan majalisa suka yi ta addu'a, bayan watanni a tsare aka sa ta a jirgi. Ta sauka a Yamai cikin zafin bazara, da rigar sanyin nan a hannu.

Yanzu na zama ɗan ƙasa, takardar da muka yi ta jira ta zo, amma lauya ya ce shekaru masu yawa za a yi kafin a ma saurari maganar dawowarta, kuma bai yi mini alkawari ba. Na so in kai mata yaran, ta ce kar in raba su da karatunsu, kuskure ɗaya ya isa. Ta waya take koya wa babbar dafa miya. Ƙaramar, wadda maƙwabciya ke yi wa kitso yanzu, ta fara gudun wayar, don Hausarta ta tsere kuma tana jin kunyar uwarta. Ba na ganin ranar da gidan nan zai koma yadda yake, kuma na daina yi wa kaina ƙarya.

Abin da na koya shi ne sanin garinku ba ya aiki a garin wasu, kuma faɗuwar gaban mace ba abin dariya ba ne. 'Yan'uwa da ke ƙasar waje, in akwai mutum ɗaya a gidanku da takardunsa ba su cika ba, ku nisanci iyaka, ku tambayi wanda ya sani kafin ku tayar da mota. Na sha gaya wa babbar 'yata cewa laifina ne, ba nata ba, takan gyaɗa kai kawai. Tun daga ranar gadar nan ba ta sake roƙona komai ba, ko takalminta ya yage sai dai in gani da idona.